Jirgin da Talaka Zai Iya Riƙewa: Abin da Matuƙan Teku Za Su Koya wa Masu Su da Fito a Tafkin Tiga

Ranka ya daɗe mai girma Hakimi, Allah ya ja zamanin dagatai da masu unguwanni, Allah ya gafarta malamanmu. Ina gaida Sarkin Ruwa da jama'arsa, masu su da masu fito, ina gaida iyayenmu mata, da matasan Rurum Tsohon Gari da Sabon Gari, da baƙin da suka zo daga Rano da Kibiya. Allah ya sa mu tashi lafiya.

Maganar da zan yi yau a kan jirgin ruwa ce, da yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓe shi. Kakannin mutanen wannan ƙasa manoma ne da masaƙa da marina da fatake, kogin Kano kuwa kogi ne mai cika da damina ya janye da rani. A 1974 aka gama dam ɗin Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya kwanta a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 178, dubban mutane suka tashi daga gidajensu da gonakinsu, aka wayi gari muna maƙwabtaka da tafki mafi girma a jihar Kano. Shekara hamsin ba komai ba ce a rayuwar sana'a. Sarkawan Yawuri da Kabawan Argungu sun gaji jirgi kaka da kakanni, yaro a can yana buɗe ido ya ga ana sassaƙa ana toshe ɓaraka. Mu a nan har yanzu koyo muke yi, kuma mai koyo yana da 'yancin ya ɗauki darasi daga duk inda ya same shi. Abin da nake so in tabbatar muku guda ɗaya ne: jirgi mai araha shi ne wanda mai shi zai iya riƙewa da ƙarfinsa, ya gyara shi da hannunsa ko da hannun kafintan garinsu, ya ciyar da shi ba tare da bashi ba, kuma ya ci riba da shi ba tare da ya yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa ba. Kuɗin da aka biya ranar ciniki ƙaramin kashi ne na farashinsa.

Shaidar da zan kafa zan ɗauko ta daga mutanen da suke sayen jirgin da iska ke turawa, mai doguwar sanda da ƙyalle, su mayar da shi gida, su kwana su tashi a ciki, su ƙetare teku da shi. Na san wani zai ce, ina ruwan ɗan Rurum da teku, mu da ke da tafiyar kilomita kusan dubu kafin mu ga Ikko? Ruwanmu da ita ya fi yadda muke zato. Kafin jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa da suka bi ta ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, a Sawakin suke tsayawa, kuma da yawansu a irin waɗannan jiragen katako masu ƙyalle suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, tafiyar kilomita kimanin 300. Iskar hunturu da ke busar mana da leɓe daga arewa maso gabas kuwa, 'yar gida ɗaya ce da iskar da ke kaɗawa a kan tekun Atilantika. Tun daga 1986, duk watan Nuwamba ƙananan jirage sukan taru a Las Palmas ta tsibiran Kanari su bi wannan iska zuwa tsibiran Karibiyan, tafiyar kusan kilomita 5,000. Amma babban dalilin shi ne wannan: matuƙin da ya yi nisan mako biyu daga gaɓa ba shi da kanikawa, ba shi da kasuwa, ba shi da mai jin ihunsa. Duk kuskuren da ya yi ranar sayen jirgi, da ransa zai biya. Irin waɗannan mutane sun yi fiye da shekara ɗari suna gwaji suna rubuta sakamako, kuma talakawan cikinsu su ne suka fi barin darasi mai amfani.

Mutumin da ya fara zagaye duniya shi kaɗai a jirgin ruwa sunansa Joshua Slocum. Tsohon kyaftin ne da aiki ya ƙare masa, ba shi da ko sisi. Wani abokinsa ya ba shi kyautar ruɓaɓɓen jirgin kamun kawa mai suna Spray, wanda aka yasar a wani fili a garin Fairhaven ta Amurka. Ya yi wata 13 yana cire kowane katako yana sa sabo, shi ya sare itacen da kansa, kuɗin da ya kashe duka dala 553 da 'yan canji. Tsawon jirgin mita 11 ne da 'yan kai, ba shi da inji. Ya tashi daga Boston a watan Afrilu na 1895, ya dawo a watan Yuni na 1898. Abin lura a nan shi ne, kyautar da aka yi masa ba ta zama jirgi ba sai da ya zuba mata wata goma sha uku na gumi, kuma saboda shi ya buga kowace ƙusa, babu wani lungu na jirgin da bai san halinsa ba. Ƙarshen labarin shi ma darasi ne. Da tsufa ya kama shi, waɗanda suka ga Spray a shekarun ƙarshe sun ce an bar kula da shi, ya lalace. A watan Nuwamba na 1909 ya fita da shi, ba a sake ganinsa ba, daga shi har jirgin. Jirgi ɗaya ne, matuƙi ɗaya ne, abin da ya bambanta tafiyar farko da ta ƙarshe shi ne gyara.

A 1968 wata jaridar Ingila ta sa gasar zagaye duniya, mutum shi kaɗai, ba tare da ya tsaya a wata tasha ba. Mutum tara suka fita, ɗaya ne ya gama, Robin Knox-Johnston. Jirginsa, Suhaili, bai kai mita 10 ba, na katako ne mai nauyi da aka ƙera a Bombay ta Indiya, kuma yana daga cikin waɗanda ba a sa wa rai ba saboda rashin gudu. Da ya fara yoyo a tsakiyar teku, mai shi ya yi nutso ya toshe ɓarakar daga waje da zare da ƙyalle da ƙananan ƙusoshi. Ya dawo Falmouth a watan Afrilu na 1969 bayan kwana 312. A cikin abokan karawarsa akwai wanda ya fita da sabon jirgi da aka ƙera cikin gaggawa, cike da na'urorin da ba a ma gama haɗa wayoyinsu ba, kuma tafiyar ta ƙare da rasa ransa. Daga irin wannan ne masu ƙaramin ƙarfi a cikin matuƙan teku suka tsayar da ra'ayin da har yau suke kai: ɗauki ƙarami, ɗauki marar tarkace, ɗauki wanda gangar jikinsa ke da lafiya ko da fentinsa ya koɗe. Sun lura cewa idan tsawon jirgi ya ƙaru kaɗan, kuɗin riƙonsa yakan ƙaru da yawa, domin igiya da ƙyalle da fenti da inji duk sai sun girma tare da shi. Har suna da wani ƙiyasi da suka saba yi wa sabon shiga, cewa ya ware kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin jirgin kowace shekara don gyara, in kuwa ba zai iya ba, to jirgin ya fi ƙarfinsa ko da ya iya biyan kuɗin saye.

Akwai wata al'ada tasu da nake so mu riƙe. Ba sa sayen tsohon jirgi yana cikin ruwa. Sai an fitar da shi tudu, mai saye ya biya wani gwani wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya bi shi taku-taku da 'yar guduma yana saurare, ya duba ƙusoshin da ke riƙe da nauyin ƙarfen da ke ƙarƙashin jirgi, wanda shi ke hana shi kifewa, ya duba wayoyin da ke riƙe da sanda. Dalilin wannan tsanani a bayyane yake. A watan Mayu na 2014 wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki, mai kyan gani, ya rabu da wannan nauyin na ƙarƙashinsa a tsakiyar Atilantika, ya kife, mutum huɗu 'yan Ingila suka halaka. Abin da ke kashe mutane a jirgi yawanci yana inda ido ba ya gani.

To mu dawo bakin Tiga. Kwale-kwalenmu na katako ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, kuma rayuwarsa ta rataya a kan abu uku da mai saye ba ya cika tambaya: irin itacen, bushewarsa, da irin ƙusar. Maɗaci da kawo suna daɗewa a ruwa, iroko da ake kawowa daga kudu haka. Farin katako mai laushi, irin wanda ake rufin ɗaki ko akwati da shi, yana da sauƙin kuɗi a 'Yan Katako ta Na'ibawa, yana da daɗin aiki ga kafinta, amma ruwa da rana sukan cinye shi cikin ɗan lokaci. Ɗanyen katako kuwa, kowane iri ne, idan ya bushe a jikin jirgi sai ya tsuke, haɗin ya buɗe. Baƙar ƙusa ta gini tana tsatsa a cikin itace, ta rame, ta ruɓar da naman katakon da ke kewaye da ita, kanta na nan a waje lafiya lau alhali cikinta ya ƙare. Ƙusar da aka yi wa ruwan tutiya ta fi tsada kaɗan, amma a lissafin jirgi gaba ɗaya bambancin bai taka kara ya karya ba. Saboda haka mai sayen tsohon kwale-kwale ya sa a ja shi tudu a kife shi, ya tafi da dattijon da ya san jirgi wanda ba ɗan'uwan mai sayarwa ba ne, a bi ƙasan da tsinin wuƙa, musamman inda bango ya haɗu da ƙasa da kuma allon baya inda ake ɗaura inji. Inda wuƙa ta shige ba gardama, nan ruɓa take. Sabuwar kwalta mai kauri da facin gwangwani a kan tsohon jirgi abin tuhuma ne har sai an ga abin da ke ƙarƙashinsu. Mai sa a ƙera masa sabo kuma ya sayi katakonsa da kansa tun farkon rani, ya jera shi a inuwa ya sha iskar hunturu, kada ya bar zaɓin itace a hannun wanda ribarsa take cikin ragewa.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, wato lodi, kuma ina roƙon ku bi ni cikin lissafin domin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jirgi yana nutsewa ne har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa da na kayan cikinsa. Ɗauki kwale-kwale mai tsawon mita 7 da faɗin mita 1 da 'yan kai. Saboda gaba da baya a tsuke suke, faɗin da yake takawa a fuskar ruwa bai wuce murabba'in mita 6 ba. Ma'ana, duk kilo 60 da aka ɗora masa zai sauka da santimita ɗaya. Babban mutum ɗaya, santimita ɗaya ke nan ko fiye. Buhu goma na masara masu kilo ɗari-ɗari, santimita kusan 17. Babur da mai shi, kusan uku. Idan bakin jirgi yana sama da ruwa da santimita 40 sa'ad da ba kowa a ciki, ku da kanku za ku iya ƙirga inda mutum talatin za su kai shi. Abin da ya rage tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa shi ne dukan jarin rayukan da ke ciki. A ruwa mai kwanciya taƙi ɗaya yakan isa a ƙetare, shi ya sa ake yi yau a yi gobe a tsira, har a ɗauka dabara ce. Ranar da iska ta tashi, igiyar farko ta zubo ciki, jirgin ya ƙara sauka, ta biyu ta fi ta farko samun hanya, ruwan da ke ciki ya riƙa gudu zuwa duk gefen da jirgin ya karkata, mutane su firgita su miƙe su taru a gefe guda. Daga nan zuwa kifewa ba ya kai minti ɗaya, kuma babu mai kwarfar da zai riski wannan.

Mun ga haka a jiharmu. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a kan dam ɗin Watari ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar Mauludi, kuma jami'ai sun ce lodi ne ya yi yawa. Wata shida kafin nan, ranar 26 ga Mayu, wani tsohon jirgin katako da ya ɗauko fiye da mutum 150 zuwa Warra ta jihar Kebbi ya tarwatse a kan ruwan Kwara, kaɗan ne suka fita. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ingila ta taɓa zama cikin irin wannan hali, masu jirage suna cika ruɓaɓɓun jirage da kaya suna tura matuƙa su mutu, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya tsayin daka, aka yi dokar 1876 da ta tilasta zana layi a jikin jirgi, wanda idan ruwa ya rufe shi an haramta tashi. Har gobe kowane babban jirgin kaya a duniya yana ɗauke da wannan alama. Kuɗinta gwangwanin fenti ɗaya ne. Ban ga abin da zai hana kowane jirgin fito a Tiga da Ruwan Kanya ya sami nasa jan layin ba, wanda tsohuwa mai zuwa cin kasuwa za ta gani da idonta ta ce ba za ta shiga ba, ba tare da ta yi jayayya da kowa ba.

A nan ne za a kawo mini suka mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce, Malam, ɗan fito ba don mugunta yake cika jirgi ba, mai ne ya yi tsada, idan bai cika ba ba zai mayar da kuɗin man ba, balle ya kai cefane gida. Wannan gaskiya ne. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba, bayan cire tallafi ta haura 500 nan take, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Amma wannan sukar hujjata take ƙarfafawa. Jirgin da ba ya biyan kansa sai an yi masa lodin halaka, tun ranar saye ya fi ƙarfin mai shi, kuma yawanci inji ne ya jawo haka. Injin da ake ratayawa a bayan jirgi mai ƙarfin doki 40, idan aka sake masa wuta duka, yakan sha wajen lita 20 a awa, mai doki 15 kuwa wajen lita 7. Shi kuma jirgin katako mai kaya yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa. Da zarar ya kusa wannan iyaka, duk man da aka ƙara ƙonawa igiyar ruwa kawai yake tayarwa a baya, gaban jirgi ya ɗaga, bayansa ya nutse, tafiyar ba ta ƙaru da abin kirki ba. Wanda ya ci bashi ya sayi babban inji don a ce nasa ya fi gudu, ya ɗaura wa kansa ciyarwar da fasinja ne za su biya da hatsarin rayukansu. Ƙaramin inji a rabin wuta, a jikin jirgi siriri mai tsawo wanda ƙasansa ke da santsi, shi ne mai barin riba a aljihu. Masunci mai zuba kalli da yamma ya ɗebe da safe a kusa da gaɓa, wanda abin da yake nema karfasa ce da tarwaɗa da ragon ruwa na kasuwar gobe, sau da yawa filafili da gwangwala sun ishe shi, kuma ya fi wanda dillalin kifi ya saya wa inji 'yanci, domin shi wancan ba shi da ikon sayar da kamunsa ga wanda ya fi taya shi.

Wata sukar ita ce, a daina wahala da katako, gwamnati ta kawo jiragen faiba. Faiba tana da kirki, ba ta ruɓa, ba ta yoyo a haɗi, kuma ita ce ta sa jiragen teku suka yi arahar da malamin makaranta a Turai zai iya sayen tsoho na shekarun 1970 ya zauna a ciki. Ga jigilar yara da mata a hanya mai cunkoso, ina goyon bayan a kawo ta. Sai dai a san abu biyu. Katako idan ya cika da ruwa yakan tsaya a saman ruwa mutane su riƙe shi, in dai inji da kaya ba su ja shi ƙasa ba, faiba kuwa ta fi ruwa nauyi, idan ba a cusa mata abin da zai ɗaga ta a cikin jikinta ba, nutsewa take yi gaba ɗaya. Na biyu, tafkin da aka cika a kan daji da duwatsu ba ya rasa kututture da tsinin dutse a ƙarƙashi, masu fitowa kusa idan ruwa ya ja baya da rani, kuma ƙasar Rurum kowa ya san ƙasar duwatsu ce. Ranar da faiba ta fashe, ƙusa da kwalta ba sa kama ta, sai da nata ruwan gam da nata ƙyallen, da wanda ya iya haɗa su. Idan babu wannan a Rano, jirgin zai kwanta a bakin ruwa ya zama wurin wasan yara. Saboda haka duk hukumar da za ta raba irin waɗannan jirage, a roƙe ta ta haɗa da horar da matasa biyu ko uku da kayan gyara, tun da akwai cibiyar binciken kifi da kwalejinta a New Bussa waɗanda aikin ruwa ne sana'arsu. Kafin nan kuma, akwai abin da kowa zai iya yi a makon nan: jarka mai lita 25, idan ba komai a cikinta kuma an toshe bakinta, tana ɗaga nauyin kusan kilo 25. Guda shida da aka ɗaure tamau a ƙarƙashin kujeru za su riƙe jirgin da ya cika da ruwa a sama har taimako ya iso. Hikimar goran da masuntan Argungu ke kwanciya a kai ke nan, ba wata baƙuwar aba ba ce.

Sai maganar iska, wadda na san za ta fi ba ku mamaki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana zuwa mana daga arewa maso gabas kusan kullum, da damina kuma ta juyo daga kudu maso yamma. Ƙarfi ne da Allah ya hore kyauta a kan ruwa mai faɗin da babu abin da ke tare shi, mu kuwa muna sayen fetur muna ratsa shi. A Aswan ta Masar har yau jiragen ƙyalle ne ke kai da kawowa a kan Nilu. A tafkin Biktoriya masunta suna fita da su. A Zanzibar akwai ƙaramin jirgin masunta da ake kira ngalawa, wanda ake sassaƙa shi daga gungumen mangwaro, a ɗaura masa itace biyu a gefe da gefe don kada ya kife. A gaɓar Gana an daɗe ana ɗinka ƙyallen jirgi da buhunan fulawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin telan Rano da kafintan Kibiya, a ƙasar da tun zamanin Hausa Bakwai aka san ta da saƙa da rini. Za a ce kwale-kwalenmu shimfiɗaɗɗen ƙasa gare shi, iska za ta tura shi a karkace, ko ta kifar da shi, kuma hadarin bazara ba ya sallama. Duka ukun gaskiya ne, kuma duka ukun suna da amsa. Zamewa gefe ana maganinta da faffaɗan allo da ake saukarwa cikin ruwa a gefen jirgi, kamar yadda mutanen Holan suka yi ɗaruruwan shekaru a ruwansu marar zurfi. Kifewa kuma ana kauce mata da ƙaramin ƙyalle a gajeriyar sanda, wanda mutum ɗaya zai sauke cikin ƙiftawar ido, da sharaɗin igiyar da ke riƙe da shi tana hannun matuƙi, ba a ɗaure ta, iska na yin ƙarfi ya saki. Hadarinmu kuwa daga gabas yake tasowa, yana haɗa baƙin gajimare kowa na gani, kuma wanda ya ga haka bai nemi gaɓa ba, ko inji gare shi yana cikin hatsari. Ban ce a sa ƙyalle a jirgin fasinja ba, kuma ban ce a jefar da inji ba. Abin da nake cewa, masunci ko mai ɗaukar itace da buhuna wanda zai yi tafiya ɗaya cikin biyu da iska a bayansa ya rage kusan rabin kuɗin mansa, kuma ranar da inji ya mutu a tsakiyar tafki yana da hanyar komawa gida.

Akwai masu cewa duk wannan tsare-tsare banza ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kwalbati sai ya nutse. Ajali gaskiya ne, babu Musulmin da ke musunsa. Amma malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa Annabi Nuhu, alaihis salam, umartarsa aka yi ya ƙera jirgi, kuma Alƙur'ani ya ambaci alluna da ƙusoshinsa, alhali Mai umarnin yana da ikon tsirar da shi ba tare da ko katako ɗaya ba. Sun kuma san cewa jirgin da ke cikin Suratul Kahfi na wasu miskinai ne masu neman abinci a ruwa, kuma an kula da maslaharsu. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma wanda ya karɓi kuɗin fito ya karɓi amanar rai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima da shiga jirgi ba rigar kariya, amma jami'inta ba zai tsaya a kowane mashigi na Tiga ba. Wanda ke nan kullum shi ne Sarkin Ruwa, da mai unguwa, da limamin da ake jin maganarsa ranar Juma'a.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo a ɗauka daga wannan zama. A sa rana ɗaya a shekara, kafin faɗuwar ruwan farko, da za a ja kowane jirgin fito tudu a gaban Sarkin Ruwa da kafintoci biyu, a duba ƙasansa, a loda masa buhunan yashi a bakin gaɓa a ga inda ya kamata layinsa ya tsaya, a zana, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka a gabansa da manyan lambobi. Masu jirage su buɗe adashin gyara dabam da na biki, domin kwalta da ƙusa da rigunan kariya su riƙa zuwa a kan kari, kuma gida biyu da ba za su iya sayen jirgin maɗaci kowa shi kaɗai ba su haɗa su sayi ɗaya maimakon ruɓaɓɓu biyu. Gwajin ƙyalle kuma a fara shi da jirgi ɗaya tak, cikin watan Disamba, da hantsi, a lungun ruwa marar zurfi, da matasa biyu waɗanda suka iya iyo, sanye da rigar kariya, wani jirgin mai inji yana biye da su. A riƙa rubuta litar man da aka saya kowane mako a jirgin gwajin da kuma a wani irinsa da ba a sa wa komai ba, zuwa ƙarshen Fabrairu a kawo littattafan biyu gaban Hakimi a karanta wa masu sana'ar.